Ranar da Zariya Ta Ci Amanata a Thiepval

Har yanzu gwiwata tana zugi, baƙin man sarƙa ma bai gama fita daga farcena ba, amma gara in ba da labarin da bakina kafin abokina Badamagaren nan ya riga ni ya zuba masa gishiri.

Shi ya kawo shawarar. Karatu yake a Amiens, arewacin Faransa, ni kuma na je masa baƙunta. Ya ce mu yi hayar kekuna mu bi bakin kogin Somme mu ga inda aka gwabza a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da safe ya fito sanye da wani matsattsen wando na roba irin na 'yan tseren keke, ya miƙo mini irinsa. Na ce Allah ya sawwaƙe. Maƙabartu za mu, kuma shi da bakinsa ya gaya mini akwai sojojin Afirka da Faransa ta kwaso a 1916 kwance a wannan ƙasa, da yawansu Musulmi. Da wane ido zan je ziyara a cikin wannan abu? Na ɗauko shaddata fara, riga da wando, na kafa hula.

"Bakano, za ka yi bayani," in ji shi.

Hanyar bakin kogin ba laifi. Tsohuwar hanya ce da dawakai ke bi a da suna jan jiragen ruwa, shimfiɗe take, ba hawa ba gangara, sai masu kamun kifi zaune shiru a gefe. A Corbie muka bar Somme muka bi ƙaramin kogin Ancre har garin Albert, inda wani gunki mai ruwan zinariya ke kan hasumiyar coci, a madadin na asali da harsashi ya karkatar a 1915 ya yi ta reto a haka har 1918. Daga nan duk inda ka waiga sai ka ga fararen duwatsun kabari a jere a tsakiyar gona. Muka hau tudun Thiepval da ƙyar, ina haki. A can ne aka gina wata ƙatuwar ƙofa ta jan bulo mai tsawon mita 45, an rubuta sunayen sojoji fiye da 72,000 na Birtaniya da Afirka ta Kudu waɗanda ba a san kaburburansu ba. Ran 1 ga Yuli 1916 kaɗai, ranar da aka fara ɗauki-ba-daɗin Somme, sojojin Birtaniya 19,240 suka mutu. Duk surutunka, in ka tsaya a wurin sai jikinka ya yi sanyi. A wannan natsuwa muka kama gangaren da ke komawa Ancre, ta wajen Hasumiyar Ulster.

Keken Turawan nan ba shi da murfin sarƙa irin na kekunan iyayenmu. Ina cikin gangara, iska tana kaɗa shadda, sai na ji an ja ni ta ƙafar dama. Bakin wandona ne ya shiga tsakanin sarƙa da haƙoran faranti. Na taka feda don ya fito, ya ƙara shigewa. Na sake takawa, ya naɗe. Daga can ƙuguna na ji wani ɗan sauti, ɗas! Duk namijin da ya taɓa sa wando mai ƙubaka ya san wannan sauti, kuma ya san babu alheri a bayansa.

Na damƙe birki. Birkin ya saki wata ƙara mai tsini da ta ratsa gonaki. Keken ya yi ta ja yana ja, bai ga damar tsayawa ba sai daidai ƙofar wata ƙaramar maƙabartar sojoji da ke bakin titi. A ƙofar kuwa ga doguwar bas a ajiye, ga tsofaffin Turawa cike da wurin, maza da mata, ƙiraza duk lambobin yabo, hannuwa riƙe da kambun jajayen furanni. Mai busa begila ya sauke begilarsa ke nan. Kowa ya sunkuyar da kai. An shiga shirun minti biyu da suke yi don girmama matattunsu.

Abin da ya kamata shi ne in sauke ƙafar hagu in tsaya. Na aika mata saƙo, ta kuma amsa, sai dai wandon ya riga ya sauko gwiwa ya ɗaure ƙafafun biyu wuri guda. Na tsaya cak a kan keke, ba gaba ba baya, na ɗan lokacin da ya ishe ni in kalli fuskar kowa. Sannan na fara karkata. A hankali na tafi, da ladabi, har na sami sukunin yin salati cikakke kafin in kai ƙasa.

Da na faɗi, ƙararrawar keken ta bugi kwalta ta ce ƙilin! Rigata ta tashi ta rufe mini kai. Hulata ta fice ta gangara, ta bi ta tsakanin ƙafafun mutane, ta shige ƙofar maƙabarta, ta yi juyi biyu ta kwanta kusa da furannin da aka ajiye. Tayar baya tana sama tana juyawa, tik tik tik tik. Abin da ya rage a fili kuwa shi ne gajeren wandon da ke ciki, mai zanen abarba, wanda na saya a gwanjo bisa alkawarin babu mahaluƙin da zai taɓa ganinsa.

Da a Kano ne, da tuni an taru. Wani ya ce sannu, wani ya ɗaga keken, yara su yi dariya, wata tsohuwa ta kore su, a wuce wurin. Nan kuwa babu wanda ya motsa. Ba mugunta ba ce, shiru suka ɗauka, kuma sai sun kai shi ƙarshe. Na leƙo ta wuyan riga. Mai begila ya kafa wa sama ido. Wani mai busa algaitar nan ta mutanen Sikotilan mai burgami ya cije leɓe har ya yi fari. Wata dattijuwa ta rufe ido gam, kafaɗunta suna rawa, kuma na rantse ba kuka take ba. Na yunƙura in tashi, keken ya biyo ni, ƙararrawa ta sake cewa ƙilin! Na koma na kwanta, ɗaure da keke kamar akuya a turke, na ce to, nima na shiga shirun.

Ban taɓa sanin tsawon minti biyu ba sai ran nan. A cikinsu na tuna telan da ya ɗinka wandon, na tuna yadda na ce masa ya ƙara faɗin ƙafa don ya fi kyau a hoto. Na tuna zariyar, wadda muka shekara tare ba ta taɓa nuna mini wani hali ba. Na nemi Badamagare. Ashe ya wuce ni, ya jingine kekensa can nesa, ya cire hular kwano ya rungume a ƙirji, ya sunkuyar da kai a cikin sahun Turawa. In ka gan shi sai ka ce kakansa ne a kabarin farko.

Begila ta sake tashi, shiru ya ƙare. Wani tsoho mai farin gashin baki ya taho yana dogara laima. Na ce alhamdu lillahi, ga taimako. Ya tsaya a kaina, ya duba sarƙar, ya duba ƙafata, ya gyaɗa kai.

"Samari, da ka cusa bakin wandon a cikin safa."

"Baba, ban sa safa ba."

Ya duba, ya tabbatar. Abin ya dame shi ƙwarai. Sai ya sa tsinin laima yana nuna ƙaurina, ya ce yaran da ke kwance a nan ba su taɓa samun irin wannan matsala ba, domin sojan Birtaniya a 1916 yana naɗe ƙafarsa da wani dogon ƙyalle daga idon sawu zuwa gwiwa. Ya ce har runduna guda ta masu keke sojan Birtaniya ya kafa a 1914, kuma bai taɓa jin sarƙa ta tuɓe ɗayansu ba. Ya fara koya mini naɗin: a fara daga idon sawu, a riƙa hawa, kowane zagaye ya ɗan hau kan na ƙasa, a ɗaure a ƙarƙashin gwiwa.

Hannuna ɗaya yana riƙe da ƙubaka, ɗayan yana tokare da keke. Na ce, "Baba, ko za ka ɗan ɗaga mini tayar?"

"Yanzu, yanzu," in ji shi, domin wani tsohon ya iso, kuma bai yarda ba. Shi a saninsa sojan ƙasa ne ke farawa daga idon sawu. Mahaya dawakai daga gwiwa suke farawa su sauko, don kada ɗaurin ya kwance da gugar sirdi. To mai keke fa, sojan ƙasa ne ko mahayi? Na farko ya ce ai da ƙafa yake tuƙi. Na biyu ya ce ai a kan sirdi yake zaune. Suka juya mini baya. Aka kira na uku, wanda aka ce ya fi su karatu, ya zo ya tsuguna, ya kama ƙaurina ya gwada naɗin ta sama da ta ƙasa da hannu wofi, ya ce duka biyun suna da hujja.

Ban san lokacin da na fara sauraro da gaske ba. Har na ji bakina yana cewa ni dai a ganina mahayi ne. Na biyu ya yi murna, ya miƙo mini hannu mu gaisa. Na kusa ba shi hannun da ke riƙe da wandon.

A ƙarshe direban bas ne ya zo, bai ce uffan ba, ya ɗaga keken, ya murza feda baya sau ɗaya, wandon ya fito, baƙi ƙirin, da huda a jere. Dattijuwar nan ta kawo mini hulata a tafin hannu biyu, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Badamagare ya iso yana tambaya cikin Faransanci ko wannan bawan Allah yana bukatar wani abu.

Ina tsaye ina ƙulla guntayen zariya, sai tsoho mai laima ya dawo daga bakin bas, da alama wani muhimmin abu ya tuna. Ya nuna mini mai algaita, wanda ke sanye da siket ɗin gargajiyarsu mai ratsi-ratsi, gwiwoyi a waje. Ya ce a tsallaken kogin Ancre, a Beaumont-Hamel, sojojin Sikotilan suka ci garin a Nuwamba 1916, kuma a cikin irin wannan tufa suka yi yaƙin.

"Ka yi tunani a kai, samari. Ba zariya, ba bakin wando."

Badamagare ya ce ya san shagon da ake sayarwa.