Canji: Kowa Na Nema, Ba Mai Bayarwa

Togo ƙasar Faransanci ce. Da shi ake karatu, da shi ake shari'a, da shi jandarma ke tambayar takardun mota. Duk da haka akwai wata kalmar Ingilishi da ta tsallako iyaka ba fasfo ba biza, ta biyo 'yan kasuwar Kano da Kumasi, ta yi zaman dirshan a zangon Sokode da na Dapaong. Kalmar ita ce canji. Muna da sauyi, muna da musanya, amma baƙuwar ta ture 'yan gida ta haye gado. Ragowar kuɗinka a hannun mai kanti canji ne. Mai musayar sefa da sidi ɗan canji ne. Kifar da gwamnati da ƙuri'a canji ne. Wanda ya yi kuɗi ya daina amsa sallama, shi ma an ce ya canza. Abu ɗaya ya haɗa su duka: kowa na nema, amma da wuya ka ga mai bayarwa.

A fara da kasuwa. Ka shiga babbar kasuwar Sokode da sassafe riƙe da takardar sefa 10,000, wato jaka goma, ka ce a ba ka koko da ƙosai na 200. Mai kokon za ta dubi takardar, ta dube ka, ta sake duban takardar, sannan ta ce, "Haba Alhaji, da farar safiya? Ko buɗe kasuwa ban yi ba." Ka dawo da azahar, sai ta ce yanzun nan wani ya kwashe canjin. Ka zo da la'asar, sai ka ji an riga an kai wa uwar adashi. Alhali a ƙugunta akwai ƙullin zane da ke ƙara duk sa'ad da ta motsa. Wannan ƙullin ba na kowa ba ne, na ranar wuya ne, kuma ranar ba ta taɓa faɗowa kan mai saye ba.

Mai kanti kuwa ya fi ta wayewa, domin shi ya buɗe nasa babban bankin. Babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma yana Dakar, yana fitar da kwabban 5 da 10 da 25 har zuwa 500. Mai kantin unguwa shi kuma yana fitar da nasa kuɗin: alewa biyu a madadin 25, dunƙulen Maggi a madadin 50, ashana ga wanda ya cika mita. Sai dai kuɗin nasa hanya ɗaya yake bi. Gobe ka tara alewar ka kai masa ka ce a ba ka sabulu, ka ji irin wa'azin da zai yi maka kan wasa da dukiyar mutane. In kuwa ka miƙa masa kwabon 250, ko ɗarin da ta sha hannu har rubutunta ya shafe, zai juya ta sama da ƙasa kamar likita na duba majinyaci, ya maido maka ya ce ba ta da lafiya. Da yamma shi ne zai ba ka irinta a canji, ya rantse sabuwa ce dal.

Turawan Ingila suna da wata magana da suke faɗa wa direban tasi ko mai kawo abinci, wato ya riƙe canjin. Kyauta ce, mai kuɗin ne ke furtawa da bakinsa. Mu da muka ari maganar sai muka rage mata wahala: muna riƙewa tun kafin a ce. Ɗan zemijan, wato mai babur ɗin haya, ya sauke ka a tashar Dapaong, kuɗinsa 300, ka ba shi 500. Zai lalube aljihun dama, ya lalube na hagu, ya buɗe ƙarƙashin sirdi, ya ɗaga kai sama yana tunani, duk yana jira motarka ta fara hon. Da ka juya da gudu sai ka ji daga baya, "Allah ya saka da alheri, yallaɓai!" An yi maka godiyar kyautar da ba ka yi ba.

Kada mu ɗora wa 'yan kasuwa laifin duka, a gida ake koyon darasin. Ka aiki yaro sayen sukari, ya dawo ya ajiye ledar ya yi waje. "Kai ɗan nan, ina canjina?" "Baba, ai sukari ya tashi." Wa ya koya masa? Ya ga uwarsa na karɓar kuɗin cefane, canjin na shiga asusun biki. Ya kuma ga uban da ke hargagin nan an ba shi saƙon kuɗi ya kai wa 'yan'uwa a Kara, ya cire na mota, ya cire na ruwa, ya cire na gajiya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin mamaki, canjin da ya ɓace a kasuwa ranar biki yake bayyana. Hajiyar da ta rantse ba ta da ko dala da safe, da daddare ga ta a fili da damin 'yan ɗari biyar-biyar tana liƙa wa amarya ɗaya bayan ɗaya, don maroƙi ya daɗe yana kiran sunanta. Ranar Juma'a kuma ka ga attajiri a ƙofar masallaci ya miƙa wa almajiri 500, ya tsaya yana jiran 450. Almajirin kuwa ya zaro ya ƙirga masa cif. A duk garin shi kaɗai ne ba ya cewa babu canji.

Daga Dapaong ka ƙara gaba kaɗan zuwa Sinkase, bakin iyakar Burkina Faso, Gana kuma na nan kusa. Nan 'yan canji suke, 'yan'uwan na Wapa a Kano, kowa da na'urar lissafi da yatsa mai saurin tsiya. In za ka sayi sidi, sidi ya tashi. In za ka sayar, yanzun nan ya faɗi. Su ma dai gwamnatoci sun koya musu. A Janairun 1994 aka kwana aka tashi sefa ta rasa rabin darajarta. A 2007 Gana ta yanke sifiri huɗu daga sidi, 10,000 ta koma 1, amma har yau akwai tsofaffin da ke ciniki da miliyoyin da, don mai miliyan ba ya son a mayar da shi mai ɗari. Kuɗin bai-ɗaya na Eco da aka daɗe ana alkawari, shi ma cewa ake a dawo anjima.

Sai babban canji, na siyasa. A 2015 Nijeriya ta ɗauki kalmar a ka, yara da manya ana ta ihun canji, har Muhammadu Buhari ya kayar da shugaba mai ci. A watan Mayun 2016 litar fetur ta koma naira 145, a watan Satumba kuma gwamnati ta fito da gangamin cewa canjin daga kan kowane ɗan ƙasa zai fara. Wato mai kanti ya karɓi kuɗinka, sannan ya ce kai za ka kawo canjin. A nan Togo, Gnassingbe Eyadema ya hau mulki a 1967, ya rasu a kai a 2005, ɗansa Faure ya gaje shi. Ranar 19 ga Agustan 2017 mutanen Sokode suka fito titi bisa kiran ɗan adawa Tikpi Atchadam suna neman canji. A 2024 aka kawo sabon tsarin mulki, a watan Mayun 2025 Faure ya zama shugaban majalisar ministoci. An canza tsari, an canza sunan kujera, mai zama dai shi ne. Ba za a ce ba a yi canji ba.

To amma kafin mu nuna manya da yatsa, kowa ya laluba aljihunsa. Wanda ya danne wa makwabci sefa 50 yana cewa babu, in aka ba shi baitulmali me zai ce? Mai kanti na son gwamnati ta canza, ɗan zemijan na son jandarma ya canza, miji na son mata ta canza, ita kuma tana jiran sa ya fara. An tashi canjaras.

Don haka mai karatu, in ana bin ka canji, ko na alewa ne, ka mayar yau. Wanda bai iya mayar da 25 ba, bai kamata a ji bakinsa a zancen canjin ƙasa ba.