Rabin Koyarwar Hahnemann a Omdurman

Likitan Jamus Samuel Hahnemann, wanda ya assasa homiyofati a 1796, ya koyar da cewa abin da ke haddasa alamomin cuta shi ne maganinta, muddin an sirka shi da ruwa har ya kusa ɓacewa. Masu cin gasasshen nama a kasuwar Kandahar ta Omdurman sun riƙe rabin farko na koyarwar sun yar da na biyu, domin idan ciki ya kumbura sukan sha harjal, wato ganye mai ɗaci da ake dafawa don murɗar ciki, kuma da zarar gyatsa ta fito sai a ƙaro tiren naman da ya jawo ciwon, ba tare da an sirka komai ba.