Yadda Za Ka Samo Wa Jaruminka Rigar Gwarzo

In kana da jarumin da kake ganin ya isa ya shiga finafinan gwarazan Marvel, amma furodusoshin Amurka sun yi kunnen uwar shegu da shi, kada ka zauna kana ƙunƙuni. Masoyan John Krasinski sun riga sun share maka hanya. Ka dai bi ta da lura, don su ma sun yi tuntuɓe a ƙarshenta.

Fara da sanin mutumin naka ciki da bai, ka san aikinsa kafin ka yabi gemunsa. Daga 2005 zuwa 2013 Krasinski yana fitowa ne a matsayin Jim Halpert, mai tallar takarda a shirin barkwanci na The Office, wanda babban makaminsa shi ne ya waiwayo ya kalli kyamara ya ɗaga gira. Ya je gwajin Captain America, aka ba Chris Evans. Ya tara ƙwanji ya ajiye gemu saboda fim ɗin 13 Hours na 2016, nan fa mutane suka fara cewa ga Reed Richards, shugaban Fantastic Four. Ni a wurina hujjar gaskiya sai a 2018 ta zo, a fim ɗin A Quiet Place da ya ba da umarni da kansa. Uba ne mai kare iyalinsa daga dodannin da ke farauta da jin motsi. Kusa da ƙarshe ya tsaya a gona, ya gaya wa 'yarsa kurma da yaren hannu cewa yana ƙaunarta, sannan ya kwarma ihu don dodo ya bar yaran ya yo kansa. Reed kuwa masanin kimiyya ne kuma maigida, tawagarsa matarsa ce da ƙaninta da amininsa. Wanda ya iya wancan tsayuwar a gona zai iya riƙe wannan gidan. Irin wannan hujja za ka riƙe, don ita ce ke rufe bakin abokin musu.

Daga nan sai ka nemi aboki mai hannu a Photoshop. Ya sa wa jarumin shuɗiyar riga mai lamba 4 a ƙirji, ya yayyafa masa furfura a gefen kunnuwa, ku watsa a intanet safe da yamma. Amma kafin muryarka ta dushe, bincika wa ke da haƙƙin mallakar labarin. Fantastic Four na hannun kamfanin Fox har 2019, lokacin da Disney, mai kamfanin Marvel, ta saye shi, don haka duk ihun da aka yi wa Marvel kafin nan ƙofar maƙwabci aka yi ta bugawa.

Kada kuma ka ja matar mutum cikin yaƙinka ba da yardarta ba. Masoya sun haɗa har da Emily Blunt, matar Krasinski, suka ce ita ce Sue Storm, matar Reed. Ita kuwa ta fito ta ce irin waɗannan finafinai ba su kwanta mata ba.

Yanzu ga inda za ka buɗe kunne. Fayyace abin da kake roƙo dalla-dalla. Masoyan Krasinski cewa kawai suka yi a sa masa rigar, aka kuwa sa masa. A 2022, cikin Doctor Strange in the Multiverse of Madness na Sam Raimi, sai ga shi ya bayyana da rigar da gemun, gidajen silima suka kaure da sowa. Ba a jima ba ya tsaya gaban matsafiya Wanda yana faɗa mata cewa abokinsa Black Bolt zai iya halaka ta da raɗa ɗaya. Ta shafe bakin Black Bolt, shi kuma ta warware shi sili-sili kamar taliya. Shekaru ana roƙo, 'yan mintuna aka ba su. Saboda haka ka rubuta a fili: cikakken fim, da sunansa a saman fasta, kuma ya kai ƙarshe da ransa.

In aka ba wani, kamar yadda aka ba Pedro Pascal rigar Reed a 2024, ka yi ta-maza ka haɗiye, ka jira fim ya fito tukuna. Dubban wasiƙun ƙorafi aka aika lokacin da aka zaɓi Michael Keaton, ɗan barkwanci, ya zama Batman na 1989, yau kuwa ana ji da shi. An yi wa Heath Ledger irin wannan ca a kan Joker, aikin ya ciyo masa Oscar a 2009, bayan rasuwarsa.

Kuma kada ka goge hotunan. A 2010 aka yi gangamin a ba Donald Glover Spider-Man, Andrew Garfield ya samu. Wannan gangami na cikin abin da ya zaburar da marubuci Brian Michael Bendis ya ƙirƙiro Miles Morales, baƙar fatan Spider-Man, a 2011. Glover ya yi muryar Miles a wani katun na talabijin, sannan a 2017 ya fito a Spider-Man: Homecoming a matsayin Aaron Davis, baffan yaron.