Cokali a Aljihun Gaba

Akwai wani mutumina da muke majalisa ɗaya a Mandawari. Tun shekarar korona, 2020, lokacin da aka kulle Kano aka ce kowa ya zauna a gida, wasu suka fito da takunkumi, wasu da 'yar kwalbar sanitaiza, shi kuwa ya fito da cokali. Takunkumi ya tafi, sanitaiza ta ƙare, cokali yana nan daram. A aljihun gaba yake soke shi kusa da biro, naɗe cikin hankici, kai ka ce babban sakatare ne zai je sa hannu a takardar kwangila.

In muka zauna a benci wajen mai garau-garau, aka turo masa faranti da cokalin gida a tsaye cikin shinkafar, sai ya kama wutsiyarsa da yatsu biyu kamar mai ɗauke mataccen ɓera, ya ajiye gefe. Sannan ya warware nasa a hankali, ya ɗaga shi sama yana dubawa, don kowa ya shaida.

Ni fa ban ce ba shi da hujja ba. Duk wanda ya taɓa leƙa robar wanke-wanken nan ya san abin da ake ciki. Ruwa ne da aka zuba tun hantsi, zuwa azahar ya koma launin manja, ga ƙwayoyin wake suna iyo. Yarinya za ta tsoma cokali, ta kaɗa shi sau biyu, ta goge da gefen zaninta, shi ke nan an wanke. Ga damina in ta kankama, amai da gudawa ba ya sallama, taifod kuma tana nan rani da damina. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, farantin da mutumina yake ci a ciki daga robar nan ya fito. In yaji ya shaƙe shi, kofin silba ɗaya tilo da ke kan randa, wanda mutum arba'in suka kafa wa baki, shi yake rarumowa. Hankicin da yake naɗe cokalin kuwa, da shi yake share gumi tun daga Ƙofar Na'isa har Jakara. An gudu gara, an faɗa gidan zago.

Wai ma tukuna, abinci nawa ne a cikin badala yake neman cokali? Gurasa bandashe hannu take so, ka yago, ka dangwalo ƙuli-ƙulin da ya taru a gefe. Alkubus hannu, waina hannu. Tuwo kuwa, wanda ya ci shi da cokali ya ci amanar miyar kuka, domin ba zai taɓa sanin daɗin suɗe yatsu ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake cin Kasuwar Kurmi, fatake daga Agadas da Tarabulus suna sauka, a kewaye akushi ɗaya, a wanke hannu, a yi bisimilla. In aka dama fura, ludayin duma ɗaya ne zai zaga, daga babba zuwa ƙarami. Ba ni da labarin wani falke da ya kwance jakar raƙuminsa ya zaro ludayin kansa.

Turawan da muke kwaikwayo su ne ma suka yi zamanin yawo da abin cin abinci suka bari. A da can, in aka gayyaci mutum walima a Turai, da wuƙarsa yake zuwa a ƙugu, da ita zai yanki nama, da tsininta zai soka ya kai baki. Sai a 1669 Sarkin Faransa Louis na 14 ya hana wuƙa mai tsini a teburin cin abinci, don cin tuwo da abokin gardama yana riƙe da abin suka ba ya ƙarewa lafiya. Da na san wannan tarihin da wuri, da ban yi abin da na yi ba.

Ga abin da ya faru. Akwai wata Hajiya da nake cin abinci wajenta, miyarta ba ta da na biyu, amma gandarta ta fi takalmin soja tauri. Rannan na ja da haƙori, ta kuɓuce, ta watsa mini miya a farar shadda. Sai na ce tun da mutumina yana zuwa da cokali, ni me zai hana in zo da wuƙa? Na shiga Kurmi na sayo 'yar ƙarama ƙirar maƙera, har da kube.

Washegari ana ajiye mini kwano na zaro ta. Wallahi ban taɓa ganin wayoyi sun ɓace daga hannun mutane da sauri irin haka ba. Wanda ke kusa da ni ya miƙo tasa, hannu na rawa.

"Don girman Allah, yallaɓai, ƙaramar waya ce, ko kyamara ba ta da ita."

Hajiya ta saki ludayin miya tana salati, tana cewa a kira 'yan sintiri. Na tashi ina rantse-rantse, ina nuna gandar da wuƙar, abin da ya ƙara watsa jama'a. Wani dattijo ne kaɗai bai motsa ba. Ya haɗiye lomarsa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan nan, haƙoran da Allah ya jera maka a baki, na ado ne?"

Abin haushin, a tsallaken titi ga mai tsire can yana wasa wuƙa mai tsawon kamu guda, mutane sun yi masa layi suna murmushi.

Na dawo majalisa na ba da labari, mutumina ya yi dariya har da hawaye, ya ce ai shi ya sa ya tsaya a cokali, cokali ba ya jawo magana. Bayan kwana biyu muka je wata rumfar da ba a san shi ba, wajen Ƙofar Wambai. Bai kai loma uku ba wani bawan Allah ya taɓo shi.

"Malam, in ka gama ka ɗan ara mini, naka ya fi kyau."

Ya yi kamar bai ji ba. Da ya gama, ya lashe cokalinsa, ya naɗe, ya soke a aljihu, ya biya kuɗi, muka kama hanya. Ba mu yi taku biyar ba muka ji murya har cikin kasuwa.

"Alhaji! Alhaji mai hula zanna! Cokalin fa?"

Ya juyo yana bayani cewa nasa ne, daga gida ya zo da shi. Mai abincin ta riƙe ƙugu ta ce shekararta ashirin a sana'ar nan, duk wanda ta kama haka yake faɗa. Ta zare shi daga aljihun, ta jefa cikin robar wanke-wanke. Mutumina ya naɗe hannun riga ya tsoma har gwiwar hannu yana lalube, ya fito da guda huɗu, duk iri ɗaya.