Askar Wanzami Ta Shiga Shagon Kwalliya

A Gombe, duk wanda ya ce wa mace tana aske fuska, to ya shirya rigima har gaban mai unguwa. Gemu na maza ne, aska ta wanzami ce. Amma a kwantar da Hajiya a gado mai farin zani, a kunna mata na'urar sanyaya ɗaki, a ce za a yi mata damafilenin, sai ta lumshe ido ta miƙa kumatu, ta biya da tiransifa ba ko neman ragi.

Aikin dai ba tsafi ba ne. Mai gyaran takan sa safar hannu, ta ɗauki wuƙar tiyata, galibi mai lamba 10, ta ja fata da yatsu, ta karkata kaifin kamar digiri 45, ta riƙa kankare matacciyar fata da siririn gashin nan da ba a gani sai an tsaya a rana. Fuska ta yi sumul, hoda ta kwanta lafiya. Bayan mako uku zuwa huɗu gashi ya dawo, Hajiya ma ta dawo.

Wanzaman Jekadafari, waɗanda kakanninsu ke wasa aska tun zamanin Buba Yero, da sun leƙa shagon, hawaye za su yi. Kankarar da suke yi wa Alhaji a gindin dalbejiya, ya biya da canjin aljihu har ya nemi gyaran gashin baki kyauta, ita ce matarsa ke biya da kuɗin cefanen mako. Dilka da halawa, da suka zo mana ta Borno daga Sudan, yanzu an bar wa amaren ƙauye.

Abin dariya sai a wajen biki. A Tumfure ko Bolari, fuska na sheƙi, a tambayi sirrin:

“Wallahi ƙawata, ruwa kawai nake yawan sha.”

Surukai kuwa sun dage cewa gashin zai fito da kauri har a yi ƙasumba. Likitocin fata sun ce ba haka ba ne: aski ba ya sauya kauri ko launin gashi. Damuwarsu dabam ce. Mai ɗanyun ƙuraje bai kamata a kankare ta ba, wadda man bilicin ya cinye wa fata ma haka. Sabuwar fatar kuma tana buƙatar man kariya daga rana, amma Hajiya na fitowa za ta faɗa keke napep, ta ratsa ƙurar hunturu har Pantami, ba man, ba niƙabi.

Wuƙar da ta taɓa jinin wata kuma na iya ɗauko ciwon hanta. Hajiya, ki ɓoye wa ƙawaye in kin so, amma ki tabbata an farke sabuwar wuƙa a gabanki.