Motar Alhaji Ta Ƙi Tashi Ranar Ɗaurin Aure

Da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Motoci da yawa a unguwarmu ta Bosso da ke Minna suka shiga gareji. Cikinsu har da Toyota Camry ta wani Alhaji maƙwabcinmu, ma'aikacin gwamnati mai ritaya, wanda ya lulluɓe ta da tamfol ya koma hawa Keke Napep.

Alhaji bai yi watsi da ita ba. Duk Juma'a da safe yakan yaye tamfol, ya tayar da ita minti biyar, ya taka totur sau biyu don unguwa ta shaida, ya kashe. Wannan shi yake kira ɗumama mota.

Sai ranar ɗaurin auren ɗiyar amininsa a Maikunkele. Ya fito cikin babbar riga ta shadda, turare na tashi, ya murɗa makulli. Ƙyat, ƙyat. Fitilun gaban direba suka lumshe.

"Ku zo ku tura!"

Muka fito, ni da wasu ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke haya a layin. Muka tura ta daga gareji har bakin titi, gumi na zuba, Alhaji na ciki yana ba da umarni ta taga. Can wani ɗalibin injiniya ya leƙa ya ga giyar, ya ce, "Baba, ai otomatik ce. Ko Zungeru muka kai ta ba za ta tashi da turi ba." Tunda layin gangare ne, mayar da ita gida ya fi fito da ita wuya.

Aka cire batir, aka ɗora wa ɗan acaɓa zuwa wurin mai caji. Babu wuta. A jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, sai da aka tayar da janareto, kuma kuɗin man da ya sha Alhaji ne ya biya.

Mai gyaran wayar mota da ya biyo batirin ya ɗora mita. Lafiyayyen batir mai bolt 12, in ya cika, yana nuna 12.6, na Alhaji ko 12 bai kai ba. Ya ce mota ko a kashe take tana tsotsar wuta a hankali: agogo, rediyo, ƙararrawar ɓarayi, kwamfutar inji. Zafin Minna kuma, wanda kan kusanci digiri 40 a watan Maris, yana ƙara zuƙe batir. In ya daɗe a ƙasa, farin gishiri ya kama farantan dalmar da ke ciki, daga nan ko an yi caji ba ya riƙewa.

"To ɗumamawar da nake yi fa?"

"Ranka ya daɗe, ita ta ƙarasa shi. Abin da sitata ke ja, haɗe da wanda mota ta tsotse tana ajiye, altaneta ba ta mayar da shi a minti biyar mota na tsaye. Sai an hau titi kamar rabin awa."

Wato a ƙona mai. Alhaji ya ɓata rai. Aka ba shi zaɓi biyu: ya kwance kan batir mai alamar ragi ya ajiye gefe, ko ya sayi ƙaramin faifan sola mai ɗiga wa batir caji kaɗan-kaɗan. Ya tambayi wanne ne kyauta, ya aika a kawo sifana mai lamba 10.

Maikunkele kuwa a Keke ya isa, an riga an shafa Fatiha, goro ma ya ƙare. Da amininsa ya tambaye shi ina mota, sai ya ce tana sabis.