Majinyatan Akwatin Imel

Ranar Litinin da safe ake cika ofishin mai gyaran kwamfuta, kuma kukan ɗaya ne: Outlook ya ƙi buɗewa, ko Thunderbird na jan ƙafa. Masu kukan ne kowa da irin halinsa.

Malam Ban-taɓa-komai-ba ne kan riga kowa sallama. "Wallahi Injiniya, lafiya lau na rufe shi ranar Juma'a." Injiniya ba ya musu. Sai ya danne maɓallin Ctrl yayin buɗe Outlook, ko Shift idan Thunderbird ne, don manhajar ta tashi ita kaɗai, ban da tarkacen da aka liƙa mata. Tana buɗewa nan take, asiri ya tonu: ga ƙarin manhajar fassara, ga ta taron bidiyo, ga wata da ko sunanta ba ya karantuwa. A nan Malam kan sosa ƙeya ya ce, "Au, waɗannan ma ana lissafa su?"

Sarkin Danni bai san jira ba. Ya danna sau ɗaya, shiru, sai ya bi da goma. Alhali Outlook ɗin jiya ne bai gama rufewa ba, ya maƙale a ɓoye, sai an shiga Task Manager an sallame shi.

Babban majinyaci dai Alhaji Ma'aji ne, wanda bai taɓa goge wasiƙa ba tun da aka ɗauke shi aiki. Katin ɗaurin auren 2012 yana nan, bidiyon walimar yana nan, har da duk wata "an gani, na gode". Outlook kuwa a fayil guda, mai suna PST, yake zuba wannan kaya duka. Kafin fitowar Outlook 2003 fayil ɗin PST ba ya wuce gigabait 2. Daga Outlook 2010 iyakar ta koma 50. Microsoft ta yi haka ne don sauƙi, Alhaji ya ɗauke shi gasa. Tun kafin a kai iyakar manhajar ta fara nishi, ranar da kuma aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu, fayil ɗin na iya lalacewa. Sai a nemo scanpst, ɗan kayan gyaran da ke zuwa tare da Outlook, a yi zaman jira, Alhaji na tsaye a bayan kujera yana jan carbi. "Ranka ya daɗe, a kwashe tsofaffin zuwa wani fayil daban mana." In Injiniya ya faɗi haka, sai Alhaji ya ce a bari ya yi shawara tukuna. Ni dai ban ga laifinsa sosai ba, domin duk ranar da aka yi musu kan wata takarda, wurinsa ake zuwa.

Hajiya Mai Tsafta akasinsa ce: kullum tana gogewa, amma Thunderbird ɗinta bai rame ba. Dalili kuwa, wasiƙar da aka goge tana nan kwance cikin fayil ɗin, alama kawai aka yi mata, kamar sharar da aka tara bayan ƙyaure ba a kwashe ba. Sai an matse jakar sannan wurin ke samuwa. Manhajar kan nemi izinin yin hakan, Hajiya kuma kullum a'a take dannawa, wai kada a taɓa mata kaya.

Akwai kuma wanda ya mai da kwandon shara ma'ajiyar muhimman wasiƙu, har da ƙananan jakunkuna a ciki, kowace da sunanta. Injiniyan da ya zubar masa da kwandon ba tare da tambaya ba, ranar sai an kai ƙara gaban oga.

Wanda Injiniya ya fi tsoro shi ne Gwani, ƙanen oga, da ya iya kaɗan. Maganinsa ɗaya tak: a cire manhajar a sake sakawa. Bai san saituna da wasiƙu suna can a wata jaka daban da cirewar ba ta taɓawa ba, don haka sabuwar manhaja ta tashi da tsohuwar cuta. Sabon furofayil, wato sabbin saituna, na minti biyar ya isa ya nuna inda matsalar take. Gwani kuwa ya riga ya ƙara rigakafin ƙwayar cuta na biyu a kan na farko, su biyun suna kokawa kan binciken kowace wasiƙa, shi kuma yana waya da wani abokinsa kan yadda za a goge Windows gaba ɗaya.